Ina Kuɗin Ƙaramar Hukumarmu Suke Shiga?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya, ga taƙaitaccen abin da ya ce. Shekara biyu ke nan rijiyar burtsatsen unguwarsu ta lalace, kwalbatin da ke haɗa su da kasuwa ya rufta tun daminar bara, ɗakin shan maganinsu kuma ko farasitamol babu. Sun je wurin kansila, ya ce shi ba ya riƙe da ko sisin kwabo. Sun je wurin shugaban ƙaramar hukuma, ya ce komai yana hannun jiha. Alhali kuwa kullum suna ji a rediyo cewa kason ƙananan hukumomi ya ƙaru tun da aka cire tallafin man fetur, kuma kotun ƙoli ta ba su 'yancin cin gashin kai. Yana so ya san wane ne yake faɗin gaskiya, ina kuɗin suke shiga, kuma me talaka zai iya yi ban da kai kuka gidan rediyo.

Malam, tambayarka ta faɗo a kan aikin da na daɗe ina yi, domin na yi shekaru a ofishin ma'aji na wata ƙaramar hukuma kafin na koma ɓangaren binciken asusu, kuma wannan amsa ta "babu kuɗi" na sha jin ana ba mutane ita, ni ma na sha ba da ita da bakina. Kansilanku bai yi muku ƙarya ba. Shugaban kuwa rabin gaskiya ya faɗa muku, ya haɗiye rabin. Kafin ka gane wane rabin ya haɗiye, sai ka biyo kuɗin tun daga Abuja har zuwa sakatariyar garinku, ka ga inda suke raguwa a hanya.

Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, wanda aka fi sani da FAAC, yana zama ya raba abin da ya shiga asusun tarayya daga man fetur da kwastan da harajin kamfanoni. Bayan an cire kashi 13 cikin 100 na kuɗin mai ga jihohin da ake haƙo shi, da ladan hukumomin da suka tattaro kuɗin, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60 a tsakaninsu. A harajin VAT kason ƙananan hukumomi kashi 35 ne. Wajen raba kason asusun tarayya a tsakaninsu, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, ragowar kuma bisa girman ƙasa da buƙatun ilimi da lafiya da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Wannan rabon na daidai wa daida shi ya sa ƙaramar hukumar karkara mai mutane kaɗan ba ta da nisa ƙwarai da ta cikin birni wajen samun kaso, shi ne kuma ya sa yawan ƙananan hukumomi ya zama abin gardama a ƙasar nan, tunda Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Legas 20, Bayelsa kuwa 8 kacal.

Abin da kuka ji a rediyo gaskiya ne: tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin mai, aka kuma saki darajar naira jim kaɗan bayan haka, adadin da ake rabawa ya ƙaru sosai. Sai dai ka tuna cewa buhun simintin da za a gina kwalbatinku da shi bai tsaya a farashinsa na da ba, haka rodi da dizal, kuma a watan Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, ƙananan hukumomi kuwa mafi yawan abin da suke samu albashi ne yake cinye shi. Saboda haka ƙarin yana nan, amma bai kai girman da kunne yake ji ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da za a riƙa zuba kason ƙananan hukumominta a ciki. Manufar da aka rubuta ita ce jiha ta ƙara wani kaso daga kuɗin shigarta a kai, wanda aka saba cewa kashi 10 cikin 100 ne, sannan ta raba musu. A tsawon aikina ban ga wannan ƙarin yana zuwa yadda aka tsara ba, ragin ne dai ba ya fashi. Akwai kwamitin da yake zama kowane wata a babban birnin jiha domin wannan rabo, ana ce masa JAAC, kwamishinan ƙananan hukumomi ne yawanci yake jagorantarsa, shugabannin ƙananan hukumomi kuma mambobi ne. Na sha raka ma'aji wannan zama. Za ka tarar an riga an buga takardar tun kafin a iso, kowace ƙaramar hukuma da layinta: ga abin da ya zo daga Abuja a hagu, ga jerin abubuwan da aka cire a tsakiya, ga ɗan abin da ya saura a dama. A karanta, a tambaya ko akwai mai magana, kowa ya dubi ɗan'uwansa, a sa hannu, a karɓi alawus ɗin zama, a yi addu'a a tashi. Duk zaman ba ya kai tsawon lokacin da muka ɓata a hanya.

Jerin na tsakiya shi ne ya kamata ka sani. Da farko albashin malaman firamare, wanda ake miƙa wa hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kuma a ƙananan hukumomi da yawa shi ne mafi nauyi. Sai albashin ma'aikatan lafiya na matakin farko, da na ma'aikatan sakatariya, da fansho da garatuti, da kason masarautu wanda a jihohi da dama kashi 5 cikin 100 ne, da kuɗin horar da ma'aikata da ake ba hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi. A nan dole in yi adalci, domin mutane suna ɗauka duk abin da aka cire sata ce. A shekarar 1991 gwamnatin soja ta miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar ilimin firamare gaba ɗaya, malamai suka riƙa yin watanni babu albashi, yajin aiki ya yawaita, har sai da aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Ko a 2025 malaman firamare na Abuja sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin sun gaza biyan sabon albashi. Wannan shi ya sa tsofaffin malamai idan suka ji ana murnar 'yancin ƙananan hukumomi sai jikinsu ya yi sanyi, don wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi.

Layin da ya cancanci a zuba masa ido shi ne wanda ake kira ayyukan haɗin gwiwa. A ƙarƙashinsa ake cire kuɗi daga kowace ƙaramar hukuma domin aikin da aka yanke shawararsa a gidan gwamnati: gadar sama a babban birni, sayen motoci, sayen taki ko hatsin azumi, gudummawar tsaro, wani lokaci har gudummawa ga jami'ar jiha. Wasu daga cikin waɗannan ayyuka masu amfani ne, ba na musun haka, amma ba a tambayi mutanen ƙauyenku ba, ba majalisar kansiloli ce ta zaɓe su ba, ɗan kwangilar ma daga birni aka turo shi da takardarsa a hannu. Idan shugabanku ya ce komai yana hannun jiha, wannan layin yake nufi, kuma a kansa gaskiya ya faɗa.

Game da hukuncin kotun ƙoli, ga abin da ya faru. Babban lauyan gwamnatin tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai ƙarar jihohi 36, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, kotun, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamnoni ba su da ikon riƙe shi, ba su da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi, kuma ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke mulkinta ba kada a ba ta kaso. Hukunci ne mai nauyi. Amma bai goge sashe na 7 na kundin tsarin mulki ba, wanda ya bar wa majalisar dokokin jiha ikon yin doka a kan tsarin ƙananan hukumomi da kuɗinsu, shi ya sa cikin 'yan watanni jihar Anambra ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta mayar da wani ɓangare na kason zuwa asusun da jiha take sa ido a kai. Bai kuma karɓe zaɓe daga hannun hukumomin zaɓe na jihohi ba. A watan Oktoban 2024 an yi zaɓe a Kaduna, APC mai mulki ta lashe duka 23, aka yi a Kano, NNPP mai mulki a lokacin ta lashe duka 44. Na kawo jihohi biyu masu jam'iyyu daban da gangan, domin ka ga cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Shugaban da ya san sunansa daga jerin gidan gwamnati ya fito, ko da kuɗin sun faɗo asusunsa kai tsaye, idan aka yi masa waya da daddare ya san inda zai kai su da safe, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun a 2019 ma hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu, waɗanda suka iya lissafi kuma suka koma raba kuɗin a kan ranaku da sunaye. Aiwatar da biyan kai tsayen shi ma ya yi ta jan ƙafa har fiye da shekara guda bayan hukuncin.

To, sai rabin da shugaban ya haɗiye. Ko bayan duk wannan ragi, ƙaramar hukuma tana samun kuɗin gudanarwa kowane wata, tana kuma da kuɗin shigarta na cikin gida wanda ba ya bi ta Abuja ko asusun haɗin gwiwa: kuɗin rumfunan kasuwa, na tasha, na kwata, na kara, na shaguna, na takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Na taɓa zuwa bincike wata kasuwar mako wadda kararta take cika da shanu tun hantsi, motoci suna lodi har la'asar. Na tsaya kusa da mai yankan rasit na lura yana da littafi biyu, ɗaya a hannu ɗaya a aljihun gaba. Na hannun mai lambar hukuma ne, shi yake yanka wa wanda ya ga alamar ya iya karatu ko zai yi gardama. Na aljihun a wata maɗaba'a aka buga shi, launinsu ɗaya, tambarinsu ɗaya, shi ake yanka wa sauran. Da muka koma ofis washegari, abin da aka shigar a matsayin kuɗin kasuwar na ranar bai kai abin da na ƙirga da idona a cikin sa'a guda ba. Shi mai yankan rasit ɗin ƙaramin ma'aikaci ne, kuma ba shi kaɗai yake ci ba, akwai waɗanda suke jiran kasonsu kowace ranar kasuwa, tun daga wanda ya sama masa wurin.

Wannan sakaci yana da tarihi. En'e ta da, wato hukumar mulkin gargajiya, kafin garambawul ɗin 1976 ya kafa ƙananan hukumomi irin na yau, da haraji da jangali take rayuwa, kuma duk da zaluncin da aka yi wajen karɓarsu, baitulmali ya san kowane dagaci nawa ya kawo. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujjar yin murna. Ba ina kiran a dawo da su ba ne. Abin da nake nufi shi ne, tun da ƙaramar hukuma ta koma jiran rabon wata, sai ta daina jin talaka yana bin ta komai, talaka shi ma ya daina jin kuɗinsa ne ake kashewa, sai ya riƙa zuwa sakatariya da murya irin ta mai roƙon alfarma.

Ka haɗa da wannan jerin masu ba da shawara da mataimaka na musamman da ake naɗawa don sallamar 'yan siyasa, da ma'aikatan bogi, da waɗanda ba a ganinsu sai ranar tantancewa, da abin da ake rubutawa a bauca, wato takardar biyan kuɗi, da sunan tarbar baƙi, man mota, gaisuwar ta'aziyya da tsaro. Gyaran famfon tuƙa-tuƙa sau da yawa roba ce ta cinye ko sanda ta karye. Na sola kuma ko injin da ke cikin rijiyar ne ya ƙone, ko an sace faranti. Irin wannan gyara yana cikin abin da shugaba yake da ikon amincewa da shi a teburinsa ba tare da ya nemi izinin ma'aikatar ƙananan hukumomi ba. Idan ya ce ba shi da kuɗin shimfiɗa kwalta, ka yarda da shi. Idan ya ce shekara biyu bai samu na gyaran famfo ba, a nan magana ta canja.

Kasafin kuɗi kuma sai ka fahimci mene ne shi, domin a nan mutane suka fi shan yaudara. Takardar niyya ce, ƙiyasi ne na abin da ake sa ran samu da abin da ake so a kashe. Kashi biyu ne: na yau da kullum, wato albashi da gudanarwa, da na manyan ayyuka. Na farkon ana biyansa ko ana ha-maza-ha-mata, na biyun kuwa sai abin da ya rage. Tsakanin a rubuta aiki a kasafi da a ga lebura a wurin akwai matakai: a amince da shi, a ba da kwangila, a saki kuɗi, injiniya ya sa hannu cewa an yi, a biya. Aiki yana iya mutuwa a kowane ɗaya daga cikinsu, shi ya sa za ka ga kwalbati ɗaya ya fito a kasafin shekara uku a jere. Ka kuma lura da yadda ake rubuta layin. Idan aka ce "gina rijiyoyin burtsatse a faɗin ƙaramar hukuma" aka sa dunƙulallen adadi, babu mai iya kama kowa da laifi, domin ba a ambaci gari ba balle unguwa. Layin da zai amfane ku shi ne wanda ya ambaci sunan unguwarku da irin aikin da adadin kuɗinsa.

Ana haɗa kasafin ne a watannin ƙarshen shekara. Ma'aikatar ƙananan hukumomi takan aiko da takardar umarni, shugabannin sassa, wato na ayyuka da lafiya da gona da sauransu, su tattara buƙatunsu, a je a kare su a ma'aikatar, sannan majalisar kansiloli ta amince, a wasu jihohin ma sai ya bi ta majalisar dokoki. Saboda haka lokacin kai buƙata shi ne daga ƙarshen damina, kamar watan Agusta zuwa Oktoba. Wanda ya zo a watan Maris yana neman sabon aiki, ihu yake yi bayan hari. A nan ne amfanin kansila yake. Gaskiya ne ba ya sa hannu a cak, ma'aji da babban jami'in mulki ne suke sa hannu bayan shugaba ya amince, amma yana da ƙuri'a a kan kasafi, yana da ikon gabatar da ƙudiri a zauren majalisa, yana da ikon neman a kira shugaban sashen ayyuka ya yi bayani. Ku daina tambayarsa kuɗi. Ku tambaye shi ranar da ya gabatar da maganar kwalbatinku a majalisa, ku ce ya nuna muku a rubuce a cikin bayanan zaman. Kansiloli da yawa ba a taɓa yi musu wannan tambayar ba, wasunsu ma ba su san suna da wannan ikon ba.

Abubuwa ukun da ka ambata kuma ba ƙofa ɗaya ake bi a kansu ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma titunan cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da maƙabartu da kwashe shara da ban-ɗakunan jama'a. Kwalbatinku nata ne kai tsaye, sai fa idan a kan hanyar jiha ko ta tarayya yake. Ilimin firamare da lafiya da noma kuwa kundin cewa ya yi tana sa hannu a ciki tare da jiha. Ma'aikatan ɗakin shan magani a yawancin jihohi yanzu suna ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Akwai kuma asusun da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya, daga cikinsa ake tura kuɗi kai tsaye asusun asibitin da aka zaɓa a kowace mazaɓa domin magani da ƙananan gyare-gyare, kuma a tsarin shugaban kwamitin raya mazaɓa yana sa hannu a wannan asusu tare da jami'in da ke riƙe da asibitin. Ka bincika ko naku yana cikin waɗanda aka zaɓa, ka kuma nemi sanin wane ne shugaban kwamitin, domin mai yiwuwa maƙwabcinka ne da kuke sallah a sahu ɗaya. Rijiyar burtsatse ita ce mai iyaye da yawa: tana iya zama ta ƙaramar hukuma, ko ta hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, ko aikin mazaɓa na ɗan majalisar tarayya, ko ta wata ƙungiyar agaji. Ku je ku karanta allon da aka kafa a gefenta idan bai goge ba. Idan aikin mazaɓa ne da aka yi rabi aka gudu, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC tana bin diddigin irin waɗannan ayyuka tun 2019, kuma tana karɓar ƙorafi.

Abin da nake ba ku shawara ku nema adadi uku ne: nawa aka turo daga Abuja, nawa aka cire a asusun haɗin gwiwa, nawa ya iso kuma a kan me aka kashe shi. Na farkon ba sirri ba ne, ofishin babban akanta na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata a intanet, duk ɗalibin da ke da waya zai iya ciro muku. Na biyu da na uku ana samunsu a rahoton babban odita na ƙananan hukumomi, wanda kowace jiha take da shi, kuma yake miƙa rahotonsa ga majalisar dokoki, jihohi da dama ma suna sa shi a shafinsu. Rahoton yakan makara, amma a cikinsa za ka ga baucocin da aka biya babu rasit da ayyukan da aka biya ba a yi ba. Idan an hana ku, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar nema a rubuce, ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma a watan Afrilun 2025 kotun ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi, ba tarayya kaɗai ba.

Yadda ake kai buƙatar shi ma yana da tasiri. Na ga tawagogi da yawa sun cika mota sun zo sakatariya, aka shimfiɗa musu tabarma, shugaba ya fito ya yi musu magana mai daɗi, ya ba su kuɗin mota, suka tafi suna sa masa albarka, kuma babu ko layi ɗaya da ya shiga fayil. Takarda ita ce take zama bayan mutane sun watse. Ku rubuta shafi ɗaya da sunan ƙungiyar ci gaban unguwa, buƙata ɗaya tak, da hoton wurin, da ƙiyasin kuɗi daga magini ko mai gyaran famfo, mai unguwa da liman da shugabar mata su sa hannu. Ku yi kwafi biyu, ku kai ofishin karɓar wasiƙu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku. Ku aika kwafi ga kansila da hakimi da ɗan majalisar jiha da ma'aikatar ƙananan hukumomi, ku kuma rubuta a ƙasan takardar cewa kun aika musu, domin jami'i yana kula da wasiƙar da ya san na sama da shi ya gani. Kada ku bari ɗan takarar da ke jiran zaɓe ya jagorance ku, don da zarar an shafa wa buƙatar launin jam'iyya an sami hujjar ajiye ta. Idan za ku gidan rediyo, ku je da lambobi da kwanan wata, ku ce an turo kaza a wata kaza, mun rubuta ranar kaza ba a amsa ba. Kiran mutum ɓarawo ba tare da takarda ba yana iya kai mai magana gaban alƙali, kwalbatin kuma yana nan a rufte. A jihar Kaduna an shigo da tsarin da al'umma take rubuta buƙatunta bisa fifiko a miƙa kafin kasafi, kuma ko jiharku ba ta da irinsa, babu abin da ya hana ku yin naku ku kai.

Na san ƙarshenta kuna iya gajiya ku yi karo-karo ku gyara famfon da kanku, tunda ba za a bar yara suna shan ruwan kududdufi ana jiran fayil ba, kuma babu laifi a haka. Sai dai ku yi hattara da abu ɗaya. Na taɓa cin karo da bauca ta gyaran rijiyar wani ƙauye, an biya, injiniya ya sa hannu, har da hoton famfo yana zubar da ruwa an maƙala a baya. Da na je ƙauyen, dagaci ya ɗauko mini littafin makaranta da aka rubuta sunan kowane magidanci da abin da ya bayar, har da matar da ta ba da kwanon gero aka sayar. Su suka yi gyaran, wani ya zo bayan kwana biyu ya ɗauki hoto. Saboda haka kafin ku fara, ku rubuta wa ƙaramar hukuma cewa za ku yi aikin da kuɗinku, a buga muku hatimi, ku ɗauki hoto kafin gyara da bayansa, ku adana rasit ɗin kayan da sunan wanda ya yi aikin, sannan ku aika kwafin duka ga ofishin babban odita na ƙananan hukumomi a jiharku.